Bazarar da Na Kasa Kai wa Malam Cek

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Tun hantsi tabarma take ɗaukar zafi, kafin azahar butar alwala ba ta taɓuwa da hannu. 'Yan zamani suna ta cewa ba a taɓa irin wannan zafi ba. Ba na musu da su, tsufa ya koya mini adana yawu, balle da azumi a baki. Amma an taɓa yi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, tun ba a yanke mu daga Sakkwato ba, azumi ya zo daidai irin wannan lokaci, kuma a Sakajiki ba wanda ya san zafinsa kamata, domin a tsakar rana na yi shi.

A lokacin ina koyarwa a firamare, kuma ni ne ma'ajin wata 'yar ƙungiya tamu ta dashen itatuwa. Kada sunan ya ruɗe ka, ba mu kai mutum talatin ba. Yawanci manoma ne da suka gaji da ganin yashi yana cin gonakinsu, matansu kuma suna wuni guda wajen neman iccen girki. Akwai 'yan Moriki, akwai na Zurmi, har da mutum uku daga Shinkafi. Dukiyarmu ita ce tiya biyu ta gero ko dawa da kowa ke kawowa da kaka. Ni ke sayarwa, in sayi leda da iri, in rubuta a wani littafin makaranta mai jan bango.

A shekarar ne wasu masu ba da tallafi suka ji labarinmu ta wani ofis a Sakkwato, suka ba mu kuɗin da ba mu taɓa riƙe irinsu ba. Sharaɗinsu ɗaya ne: a buɗe asusu a banki a Ƙaura, kuma ba a fitar da ko kwabo sai da hannu biyu a kan cek, na shugaba da na ma'aji. Muka ce wannan ai ba komai ba ne.

Shugabanmu Malam ne. Ba zan faɗi sunansa ba, har yau bakina bai iya ba, domin shi ne mahaifin matata Kulu. Tsohon alƙali ne, mai tafsiri a Ƙaura. Ba don sanin itace muka zaɓe shi ba, da ƙyar yake bambanta ɗan dogonyaro da ɗan maɗaci. Mun zaɓe shi ne don in ya ce a zo za a zo, kuma kuɗin da ke ƙarƙashin sunansa ba mai yi musu raɗa. Shi kuwa ya ɗauki abin da gaske. Kowane rasit sai ya sa tabarau ya karanta, ko na igiyar guga ne.

Ni da Malam kunya ce irin ta da. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Tun daga bakin lungu nake tuɓe takalma. In na hango shi a kasuwa sai in canja layi, ko da layin masu daddawa ne. A wurin taro ina karanta lissafi kaina a ƙasa, shi yana saurare yana kallon rufin ɗaki, 'yan ƙungiya suna ƙunshe dariya. Wani ɗan Moriki ya taɓa cewa bai taɓa ganin inda shugaba da ma'aji suke gudun juna ba kuma kuɗi na nan lafiya sai a wurinmu.

Wurin renon itatuwanmu yana bayan makaranta. Mun kewaye shi da ƙaya saboda awaki, muka yi rumfar kara, muka jera ledoji layi-layi: dogonyaro, bagaruwa, zogale, da mangwaro. Mangwaron ne kowa ya sa wa ido, don Malam ya yi wa kowane gari alkawarin nasa in damina ta sauka. Aikinmu kawai mu riƙe su da rai har ruwan farko. Akwai rijiya a gefe, ita muka dogara da ita.

Kafin azumi ana zuwa ban-ruwa bi da bi. Da aka ga wata sai ƙafa ta fara ɗaukewa. Wasu suna ci-rani, wasu suna sharar gona, na nesa kuwa dama sai ranar rabo. Wanda ya wuni da gatari da ƙishirwa ba ka ce masa ya zo ya ja guga. Kafin goma ga wata ni kaɗai na rage. Ina idar da asuba in tafi, in ja ruwa in bi layi har rana ta fito, in shiga aji riga a jiƙe. Bayan la'asar in sake komawa. Abin da ya fi wahala ba jan gugar ba ne, ƙamshin ƙasa ne in ruwa ya taɓa ta. Maƙogwaro a bushe, ruwa mai sanyi yana bin hannunka har gwiwar hannu, kana zuba wa wani. Da magariba Kulu ta ajiye mini kunun tsamiya da ruwan randa a inuwar rumbu, in sha har cikina ya yi ƙara, tuwo kuwa sai ya huce ban taɓa ba.

Malam yana da wata al'ada da ya fi shekara ashirin bai fasa ba. Goman ƙarshe yakan shiga i'itikafi a masallacin Juma'a na Ƙaura, ya bar duniya da mutanenta sai an ga watan Salla. Kulu ta ce tun tana ƙarama ta san shekarar mahaifinta kwana goman nan ce, sauran duk jira ne. Na san da haka. Na kuma ga rijiya ta fara nisa, har na ƙara wa guga igiya sau biyu. Saboda haka ranar sha tara na hau keke na tafi Ƙaura da littafin cek a aljihu, don ya sa mini hannu saboda ko-ta-kwana.

Na same shi a zaure bayan tafsiri, baƙi cike. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaida shi. Ya tambayi Kulu, ya tambayi itatuwa, na ce duk lafiya lau. Ya ce gobe in Allah ya so zai shiga, a yafe masa. Hannuna yana kan aljihu. To, ta ina zan fara? Mutum yana sallama da duniya, a gaban malamai 'yan'uwansa, sai mijin 'yarsa ya zaro takardar kuɗi? Na ce a raina rijiyar da ta kai mu yau ba za ta gaza kwana goma ba. Na yi sallama na fito.

Ranar ashirin da biyu guga ta fito da taɓo.

Akwai wani mutum mai suna Mani da ke da jakai huɗu, yana ɗebo ruwa daga ramukan da ake haƙawa a cikin yashin gulbi yana sayarwa. Na yi ciniki da shi, sahu biyu da safe, biyu da yamma. Albashinmu wata biyu ke nan bai zo ba. Ɗan abin da ke hannuna ya kai mu kwana biyu. Ya ƙara mini kwana biyu bashi, sannan ya tsaya a bakin shinge yana sosa ƙeya.

"Ma'aji," ya ce, "ni ban ƙi ka ba wallahi. Amma jakkai na son dussa, kuma cikin gari hannu da hannu a ka biyana. An ce kuna da kuɗɗi banki. Mi ag gamin mai kuɗɗi banki da bashin mai jaki?"

Ban ga laifinsa ba. Na ce ya tafi, zan neme shi.

Da na faɗa wa Kulu, tana tsakar tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta dube ni.

"To ka tahi ka ishe Baba mana. Masallaci na, ba kabari ba."

Na ce mutum yana ganawa da Ubangijinsa, ba a shigar masa da maganar kuɗi.

"Ni ɗiyatai ta, na hi ka saninai. In ka tahi zai sa ma hannu. In ko ba ka iyawa, kawo takardar in sa cikin kwanon abincinai, a kai mai."

Na hau ta da faɗa. Na ce takardar banki a kwanon buɗa-bakin Malam, wannan wace irin rashin tarbiyya ce? Ta ɗauki rariyarta ta ce, "Kai da kunyakka. Icce dai bai san suruki ba." Ranar ban sha kununta da daɗi ba, don na san ta fi ni gaskiya.

Washegari Juma'a ce, ashirin da shida. Na tafi Ƙaura da cek a aljihu, na ce yau kam sai na yi magana. Bayan an sallame na hango shi a sahun gaba, jikin ginshiƙi, ya lulluɓe kai da mayafi, Alƙur'ani a buɗe a gabansa. Ya rame, amma fuskarsa a sake take, irin yadda ban taɓa ganinta a gida ba. Na taka har saura sahu uku tsakaninmu. Na tsaya. Sai na ga kaina kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci da ganga a hammata. Na juya na nemi takalmana.

Asabar da Lahadi ni na zama jakin. Na ari garwa biyu, na rataya su a sanda, na riƙa zuwa gulbi. Tafiyar da nisa, kuma yashin yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. A ramin sai ka jira ruwa ya tsattsafo, ka kwasa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan, ka ba matan da ka tarar wuri su fara. Sahu uku nake iyawa a wuni, na huɗu idona ya fara ganin duhu. Garwa shida ba ta isar ko kashi ɗaya cikin huɗu. Dole na zaɓi wanda zai sha. Na tsaya a bakin layi da garwa a hannu, na tsallake mangwaro don shi ya fi kowa ci, na ba dogonyaro da bagaruwa, su ma ba duka ba. Ba wanda ya gan ni, ba wanda zan yi shawara da shi. Na ji kaɗaici a wurin nan irin wanda ban sake ji ba sai bayan rasuwar Kulu.

Ledar baƙa ce, zafi take sha. In ka taɓa ta da rana sai ka janye hannu. Ganyen mangwaro ya fara lanƙwashewa, ya koma ruwan ƙasa daga baki-baki, sannan ya tsaya ƙyam a jikin kara, in iska ta taɓa shi ya yi ƙara. Ranar Lahadi da yamma hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, har da rugugi. Na ajiye garwa na tsaya ina addu'a da ƙarfi. Iska ta taso mai zafi, ta yaye rabin rumfar, hadarin ya wuce ko ɗigo bai bari ba.

Litinin, ashirin da tara, na ba itatuwan ruwan safe na hau keke. Na isa Ƙaura da hantsi, banki a buɗe. Kuma ka ji halin ɗan Adam: na zauna a inuwar bangon masallaci ina jiran azahar, wai don in shiga da dalilin salla, kada a ce na shigo takanas saboda kuɗi. Bayan an idar, mutane sun ragu, na rarrafa na durƙusa a gefensa.

"Allah shi gahwarta Malam."

Ya ɗago. Ya dubi fuskata, ya dubi kafaɗata inda sanda ta saɓule fata har jini ya ɓata riga.

"Lahiya, Ma'aji?"

Na faɗa masa, kaina a ƙasa. Ban gama ba ya miƙo hannu. Ya karɓi alƙalamina, ya ɗora cek ɗin a gwiwa ya sa hannu, ko tabarau bai nema ba.

"Yaushe rijiyar taƙ ƙahe?"

Na ce kwana bakwai ke nan.

Ya miƙo mini cek ɗin. Sannan ya ce a hankali, "Kwana bakwai. Ni ina nan cikin inuwa." Bai ƙara komai ba sai, "Tashi ka hanzarta."

Na hanzarta, amma na tarar an rufe ƙofar banki. An manna takarda cewa hutun Salla zai fara daga gobe. Na tsaya da keke a hannu ina karanta takardar nan sau ba adadi, kamar za ta sake magana.

Aka ga wata a daren. Ranar Salla, bayan an sauko daga idi, ina wurin reno ina gyara rumfa sai na ji ƙarar babur. Malam ne aka goyo, da babbar rigarsa ta Salla da rawani. Bai je gida ya ci tuwon Salla ba. Ya bi layin mangwaro daga farko har ƙarshe, a hankali, bakin rigarsa yana jan ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauki leda ɗaya, ya murza ƙasar ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar gari. Ya sa hannu a aljihu ya ba ni duk abin da ke ciki, ya ce a nemo Mani yanzu. Da wannan muka ceci abin da ya rage, wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma babu mangwaro ko ɗaya a ciki.

Ruwan farko ya sauka bayan mako uku. Mutane suka zo rabo da amalanke da jakai, kowa ya riga ya haƙa ramuka a gida. Aka zauna taro a ajin da nake koyarwa, manyan mutane a kan bencin yara. Na karanta lissafi, kuɗi cif a banki ba abin da ya taɓa su, don da kuɗin Malam aka biya Mani har ruwa ya sauka. Sai Alhaji Garba, babba a cikin mutanen Shinkafi, ya gyara zama.

"To ni ban gane ba. Kuɗɗi na kwance banki, icce na mutuwa da ƙishirwa? Ko dai kuɗɗin a takarda ɗai su ke? Mu munka yi ma mutanenmu alkawali. Ma'aji shi yi muna bayani."

Kowa ya juyo ya dube ni. Na buɗe baki ke nan sai Malam ya miƙe. Ba ya miƙewa in zai yi magana, ko a kotu a zaune yake yanke hukunci.

"Ku bar Ma'aji," ya ce. "Kuɗɗi na nan, na gani da idona. Hannu biyu a ka so, nashi na nan, nawa na ab babu. Ni na ɗauki amanar abu mai rai, na tahi na rufe kaina kwana goma ban waiwaya ba. Wanda ya yi haka bai kamata shi riƙa jama'a ba. Na sauka. Ku yahe mani."

Ni na san ba haka aka yi ba. Na san ranar sha tara, na san Juma'ar da na juya saura sahu uku, na san inuwar bangon da na zauna har banki ya rufe. Magana uku ta isa. Amma in na faɗa, na ƙaryata surukina a bainar jama'a, na ce tsohon alƙali ya faɗi abin da ba daidai ba. Kuma ba zan ɓoye ba, a ƙasan kunyar akwai wani sanyi da na ji, na ganin idanu sun bar kaina. Na sunkuyar da kai na yi shiru.

A wurin aka ce tunda Ma'aji ne ya ɗauki garwa a kafaɗa, shi ya cancanta. Suka naɗa ni shugaba, har da tafi. Alhaji Garba ya kama hannuna ya nemi gafara. A hanyar Moriki aka dasa dogonyaron da suka tsira. Sun girma, na sha zama a inuwarsu ranar kasuwa. Yanzu shekara biyar ke nan ban bi hanyar ba, ba mai bin ta sai da dalili mai ƙarfi, kuma an ce masu gawayi sun rage su. Ƙungiyar tana nan a takarda, ni ne dai shugaba har yau. Da na dawo Ƙaura da zama na zo da littafin mai jan bango. Yanzu da waya ake tura kuɗi, kafin ka ajiye ta sun isa, sai dai babu sauran wanda zan tura wa.

Da azumi ya zagayo, ranar ashirin, Kulu ta dafa abin da ta saba aika wa mahaifinta masallaci. Sai aka dawo da saƙo cewa a kai gida, Malam bai shiga ba. Muka ce ko jiki ne. Shekara ta biyu ma haka. Kulu ta dai dube ni, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A cikin goman ƙarshe na shekara ta uku na daure na je. Na same shi shi kaɗai a zaure bayan la'asar, ba baƙo ko ɗaya, duk abokansa suna masallaci. Ana jin karatunsu daga lasifika. Alƙalami yana maƙale a aljihun rigarsa. Na durƙusa a inda na saba, na gaida shi. Na zo da maganar a shirye, na yi ta bitarta a kan keke tun daga Sakajiki.

"Shugaba," ya ce, yana ɗan murmushi. "Akwai abin da za a sa ma hannu?"

Na ce babu, Allah shi gafarta Malam.

"Icce sun sha?"

Na ce sun sha.

"To madalla. Zamna."

Na zauna. Ya jingina da bango ya rufe ido, leɓunansa suna bin karatun da ke zuwa daga masallaci. In mai karatu ya tsaya jan numfashi, sai in ji Malam ya riga shi kama aya ta gaba. Muka zauna haka har aka kira magariba, na tashi na fita don kada ya sha ruwa a gabana.

Shekara goma sha ɗaya ya yi bayan taron nan, bai sake shiga i'itikafi ba ko sau ɗaya. Ya rasu ban faɗa masa ba, ban kuma faɗa wa ƙungiya ba. Yau ga shi na iya faɗa, na ma rubuta. Na ƙirga waɗanda suka zauna a kan bencin nan ranar rabo, ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda zan kai wa ya karanta. Ni kaɗai na rage.